Da a ce Joffrey ya tsira daga gubar nan, shekara nawa zai yi a kan karaga?

Abba Sabongari: Jama'a salamu alaikum. 'Yan Game of Thrones ku matso kusa. Kun san dai a sizin na 4 kashi na 2 aka sa wa sarki Joffrey guba a giya ranar bikinsa da Margaery ta gidan Tyrell, ya shaƙe ya mutu a cinyar uwarsa Cersei yana nuna kawunsa Tyrion da yatsa. To ni tambayata, a ce ya sha gubar amma kwana bai ƙare ba, a ce ya yi amai ko tsohon nan Pycelle likitan fada ya yi wani abin kirki sau ɗaya a rayuwarsa ya ceto shi, ya kwanta jinya ya tashi. Yaya mulkinsa zai kasance, kuma shekara nawa kuke gani zai yi? Ni dai na ce ba zai wuce shekara biyu ba wani zai ƙarasa aikin.

Maman Ilham: Innalillahi, Abba kai kuwa me muka yi maka da za ka dawo mana da yaron nan? Ranar da ya mutu har shewa na yi wlh, maigida ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Sadik KD: Shekara biyu ma ka yi masa alfarma. Tsohuwar nan Olenna kakar Margaery ce fa ta yi aikin tare da Littlefinger, a sarƙar wuyan Sansa aka ɓoye gubar. Matar da ta yi wannan a gaban dubban mutane ba ta ko girgiza ba, kana ganin idan ta kuskure za ta tattara ta koma Highgarden ta bar jikarta a ɗakin wannan mahaukacin? Wata uku na ba shi.

Ɗan Barno: Sadik ba haka abin yake ba. Karo na farko ya yi sauƙi ne saboda ba wanda ya yi tsammani. Bayan wannan ko ruwa zai sha sai mutum uku sun ɗanɗana, kuma Cersei ba za ta ƙara barin wani Tyrell ya matso kusa da kofinsa ba, dama ta tsane su. Ni abin da na fi hangowa shi ne Tyrion. Ku tuna yadda aka tsara da Ned Stark, an ce ya amsa laifi a tura shi Katanga, wato gadin iyakar arewa, ya ƙarasa rayuwarsa can, Cersei ta yarda kowa ya yarda, yaron nan ya tsaya gaban jama'a ya canza magana ya ce Ilyn Payne ya sare kai. Shi ma Tyrion abin da ubansa Tywin, kakan Joffrey kuma wazirinsa, ya shirya masa kenan, ya roƙi sassauci a tura shi Katanga shi kuma yayansa Jaime ya ajiye aikin dogari ya koma ya gaji gida. To da Joffrey a raye wannan shirin ba inda zai je. Ba shari'a ba Oberyn da ya tsaya ya yi faɗa a madadinsa ba komai, daga gadon jinya zai ce a kawo masa kawunsa a ɗaure, da bakan nan nasa mai kunama zai yi ta harbinsa kamar yadda ya yi wa karuwar nan Ros.

Zee: Wayyo Ros. Dan Allah ku daina tuna min wannan wurin.

Abba Sabongari: Ɗan Barno to ai kuwa ka buɗe wata ƙofa. Idan Tyrion ya mutu a kurkuku, waye zai hau ya harbe Tywin a banɗaki? Ba kowa. Kenan Tywin na nan da ransa.

Kwamared: Yawwa, nan nake jira a zo. Duk wanda ya ce mulkin Joffrey zai rushe da wuri bai lura da wanda ke mulkin ba. Joffrey hula kawai yake sawa, Tywin ne sarki. Ku duba abin da ya faru bayan Tywin ya mutu: Cersei ta ba masu addinin nan makamai don ta ga bayan Margaery, suka juyo suka kama ta ita ma suka zagaya da ita gari tsirara, ta rama ta tashi ɗakin ibadar Baelor da koren wutar nan ta ƙone Tyrell kusan gaba ɗaya, Tommen ƙanin Joffrey da ya gaje shi ya faɗo ta taga. Duk wannan ba ɗaya da zai faru Tywin na zaune a kujerar waziri. Abin haushi ne amma gaskiya ce, talakan King's Landing ya fi zama lafiya a ƙarƙashin mugun yaro mai kaka a tsaye a kan yaron kirki da ba shi da kowa sai uwa irin Cersei. Mutumin da ya ce wa sarki ya gaji a kai shi ya kwanta, a gaban 'yan majalisa, sarkin kuma ya tafi yana ƙunƙuni? Shekara goma ma za su yi.

Maman Ilham: Kwamared wai talaka ya fi zama lafiya? Yaron da aka jefe shi da kashin shanu ya ce a kashe kowa da kowa a titi? Har babban limaminsu aka yayyaga a rikicin ranar. Yaron da ya sa aka bi gida gida ana yanka jarirai don an ce 'ya'yan tsohon sarki Robert mijin Cersei ne? Haba dai.

Kwamared: Hajiya duk waɗannan kafin Tywin ya shigo gari ne. Lissafa min abin da ya yi wa jama'ar gari bayan yaƙin Blackwater.

Maman Ilham: Ros ba mutum ba ce?

Kwamared: Mutum ce, Allah ya ba ki haƙuri, amma a ɗaki ya yi a ɓoye. Ina nufin ta'asar da ta shafi gari.

Ticha: Ku ba ni wuri in shigo, don wannan tambayar an riga an gwada ta a duniyar gaske ba sau ɗaya ba. Wanda ya fi kama da abin da Abba ya zana shi ne Commodus na daular Rum. Ya zama sarki shi kaɗai a shekara ta 180 yana ɗan shekara 18. A 182 aka shirya kashe shi, da hannun yayarsa Lucilla a ciki, wanda aka tura da wuƙa ya tsaya surutu kafin ya soka dogarai suka cafke shi. Commodus ya tsira. Me ya biyo baya? Ya kashe masu hannu da waɗanda ake zargi, ya kori yayar tasa zuwa tsibirin Capri daga baya ya sa aka kashe ta, ya daina yarda da 'yan majalisar dattawa kwata kwata, ya bar wa 'yan fadarsa harkar mulki shi kuma ya koma wasan faɗa a fili gaban jama'a. Kuma bai faɗi da wuri ba, shekara goma ya ƙara. Sai daren ƙarshe na shekarar 192 ƙwarƙwararsa Marcia ta sa masa guba, ya amayar da ita, sai aka turo ɗan kokawa Narcissus ya shaƙe shi a wurin wanka. To Abba ga amsarka a tarihi: wanda ya tsira ba ya yin laushi, tsoro ne ke haɗuwa da muguntar, kuma yana iya daɗewa fiye da yadda kake so.

Sadik KD: Ticha ya iso da allo da alli. Amma ka lura fa, ƙarshe dai na cikin gida ne suka gama da shi.

Ticha: Ƙwarai, kullum na cikin gida ne. Caligula ma shugaban wata rundunar dogaransa ne, Cassius Chaerea, wanda ya mayar abin tsokana yana kwaikwayon muryarsa, ya sare shi a shekara ta 41, bai cika shekara huɗu a mulki ba. Tambayar kawai yaushe.

Ɗan Barno: To ai dogarin da Joffrey ke tsokana muna da shi. A farkon sizin na 4 ya buɗe littafin tarihin dogarai yana yi wa Jaime dariya, wai ga shi shekara arba'in da hannu ɗaya ba abin da aka rubuta masa. Mutumin da ya taɓa soke sarki ta baya fa yake wa wannan.

Zee: Amma Joffrey ɗansa ne fa a ɓoye. Duk lalacewar Jaime ba zai kashe ɗan cikinsa ba.

Ɗan Barno: Zee idan ya ga gawar Tyrion da kibau a jiki? Tyrion ne kaɗai mutumin da Jaime ke so tsakani da Allah ban da Cersei. Ban ce zai soke shi da hannunsa ba, amma zai iya juya baya a ranar da ya kamata ya tsaya a ƙofa.

Abba Sabongari: Ni maganar Kwamared ce ta tsaya min. Na yarda Tywin zai riƙe shi, amma har yaushe? Yaro fa girma yake. A littafin da aka ɗauko labarin shekararsa 13 ya mutu, a can kuma 16 ne ake ɗaukar mutum ya balaga ya karɓi mulkinsa da kansa, a fim ɗin ma an ƙara masa shekaru ya riga ya kai. Ranar da aka kora shi ya kwanta ai ba mantawa ya yi ba. A wannan zaman ne ma ya gaya wa kakan nasa baƙar magana cewa ya ɓuya a Casterly Rock lokacin da Robert ke yaƙi. Yaron da ya iya faɗin haka ido da ido, nan da shekara uku me zai yi?

Na Damagaram: Abba ka taɓo inda nake so. Ku mutanen fim kawai kuna mantawa Tywin ya taɓa yin wannan aikin. Shekara ashirin yana waziri ga Aerys, mahaukacin sarkin nan da Jaime ya soke, ƙasa ta zauna lafiya baitulmali ya cika, har mutane suka fara cewa ai Tywin ne ke mulki. Kun san dalilin da Ilyn Payne ba ya magana? Shi ya faɗi wannan maganar, Aerys ya ji ya sa aka cire masa harshe. Daga nan sarki ya dinga wulaƙanta Tywin a fada, ya ƙi auren Cersei ga ɗansa Rhaegar, ya ɗauke masa magaji Jaime ya sa shi dogari, har Tywin ya ajiye aiki ya koma gida. Kuma shi Aerys ɗin ba da hauka ya fara ba, abin ya ta'azzara ne bayan an tsare shi wata shida a Duskendale, ya fito ba ya yarda a kawo ko aska kusa da shi, gashi da farce suka yi ta tsawo. Wato mutumin da ya leƙa kabari ya dawo. To Joffrey da ya fara daga inda Aerys ya ƙare, ka ƙara masa gubar da ya sha ya tsira, me kake tsammani? Duk mai son shiga wurinsa, Littlefinger ne ko wani, abu ɗaya kawai zai raɗa masa a kunne: ranka ya daɗe mutane na cewa kakanka ne sarki. Shikenan.

Kwamared: Sai dai Tywin na yanzu ba na lokacin Aerys ba ne. Wancan karon ajiye aiki ya yi don sarkin ba jininsa ba ne, ba yadda zai yi. Wannan karon yana da sarki na biyu a aljihu. Tommen na nan, yaro mai jin magana mai wasa da kyanwa. Kun ga yadda ya tsaya a kan gawar Joffrey yana yi wa Tommen darasin sarauta ko hawaye babu, gawar ba ta ko huce ba. Mutumin da ya shirya kisan Robb Stark a wurin biki ba zai zauna jikansa ya cire masa kai ba.

Abba Sabongari: To ashe ka dawo layina kenan, shekara goman ta tafi ina?

Kwamared: Goma na gidan Lannister na ce. Wanda ke sanye da hular ba shi ne damuwata ba.

Ticha: Wannan ma an yi. Elagabalus ya hau mulkin Rum yana ɗan 14 a shekara ta 218, kakarsa Julia Maesa ce ta ɗora shi. Da ta ga yaron zai jawo wa gidan gaba ɗaya halaka sai ta sa ya ɗauki ɗan uwansa Alexander a matsayin magaji, sojoji suka koma bayan wancan, a 222 dogarai suka kashe shi tare da uwarsa, jikan nata na biyu ya hau. Ku lura da wannan, tare da uwarsa. Don Cersei ba za ta tsaya kallo ba. Amma kada ku ɗauka dole babba ne ke cin nasara. Nero yana 16 ya hau, uwarsa Agrippina da malaminsa Seneca suna juya shi, shekara biyar bayan nan ya sa aka kashe uwar, daga baya malamin ma ya umarce shi ya kashe kansa. Ivan na Rasha kuwa yana ɗan 13 ya sa aka kashe Andrei Shuisky, babban mai faɗa a ji a fadar, aka naɗa shi a 1547 ya yi ta mulki har 1584, ya yi wa birnin Novgorod kisan kiyashi a 1570, ya kashe ɗansa da hannunsa, kuma ba wanda ya tuɓe shi, a kan mulki ya mutu.

Sadik KD: Ticha kar ka haɗa Joffrey da Ivan dan Allah. Ivan ya ci ƙasashe da yaƙi, yana da kai. Wannan fa matsoraci ne, Arya ƙaramar yarinya ta ƙwace masa takobi ta jefa a kogi yana kuka, a Blackwater uwarsa ta aiko ya gudu ya bar wada Tyrion yana jagorantar sojoji. Mugu mai daɗewa sai yana da mutanen da ke cin abinci a muguntarsa. Joffrey wa yake da shi? Hound ya zage shi ya tafi, Barristan shi ya kore shi ya tafi wurin Daenerys 'yar Aerys mai dodanni. Saura Meryn Trant mai dukan mata.

Zee: Ni kuma ba wanda ya yi maganar Margaery. Yarinyar nan fa ta iya shi. Kun ga yadda ta sa ya fito yana ɗaga wa talakawa hannu suna masa kirari, shi da bai taɓa jin an kira sunansa da alheri ba? Ta zauna yana koya mata harbi tana nuna abin ya burge ta. Ina ga da an ba ta lokaci za ta lallaɓa shi.

Maman Ilham: Zee ƙanwata ba ki yi aure ba ko? Irin wannan namijin ba a lallaɓa shi, marmari ne kawai yake yi kafin a kai amarya. Sansa ma ai da farko sarƙa ya ba ta yana ce mata gimbiyata, ƙarshe ya kai ta ta kalli kan ubanta a tsire ya sa dogari ya mare ta. Ranar da Margaery ta ce masa a'a sau ɗaya ko ta haifi mace ko wani ya ce masa talakawa sun fi son ta a kansa, shikenan ta zama abin wasa. Ita kanta Olenna ai sai da ta zaunar da Sansa ta tambaye ta halinsa, da ta ji amsa ba ta ce bari jikata ta gwada ba. Tsohuwa ta san abin da take yi.

Zee: Anti na ji, amma ko shekara ɗaya ai za ta iya riƙe shi.

Maman Ilham: Har ta haifi namiji, eh. Daga ranar kuma Tyrell ba su da sauran buƙatarsa, ga jariri sarki ga uwar sarki 'yarsu.

Ɗan Barno: Kai, wannan lissafin ya fi na kowa. Kenan mutum uku ke jiran sa: Olenna na jiran tattaɓa kunne, Tywin na da Tommen, Jaime na da haushin ƙaninsa. Ga Oberyn a gari da bai mutu ba tunda ba a yi faɗan da Mountain ba, shi kuma dama ramuwar kisan 'yar uwarsa Elia ta kawo shi, kuma gwanin guba ne.

Na Damagaram: Ku ƙara da kuɗi. Tun zamanin Robert ana bin masarautar bashin zinariya miliyan shida, rabi na Lannister ne. A sizin na 4 Tywin da bakinsa ya gaya wa Cersei ma'adinansu sun ƙafe shekara uku ba a haƙo komai ba, ga Bankin Ƙarfe na Braavos na jiran nasa har sun fara ba Stannis rance. Abinci kuma daga Tyrell yake zuwa, ga hunturu na tafe. To a ce wata rana Joffrey ya tashi da haushi ya taɓa Margaery ko Loras, a rufe hanyar abinci. Garin da ya yi bore don yunwa a sizin na 2 zai sake yi, shi kuma maganinsa ɗaya ne a kashe su duka. Idan kuma wani ya gaya masa akwai tulunan koren wuta a ƙarƙashin gari fa? Cersei ɗakin ibada ɗaya ta tasa. Shi unguwar talakawa gaba ɗaya zai kunna ya hau bene yana kallo.

Abba Sabongari: Amma a ba shi haƙƙinsa a abu biyu. Shi ne ya tambayi Tywin maganar Daenerys da dodanninta ya ce a yi wani abu, kakan ya share shi ya ce tatsuniya ce ta nesa. Kuma tun sizin na 1 ya ce kamata ya yi a yi rundunar sarki guda ɗaya maimakon kowane hakimi da sojojinsa.

Sadik KD: Tsoro ne ya sa shi faɗin gaskiya ba basira ba. Kuma rundunar ai cewa ya yi a kwashi 'yan Arewa a sa su a ciki bayan an ninka musu haraji, uwarsa ma sai da ta tambaye shi to idan aka ce su yaƙi 'yan uwansu fa. Dodon kuwa da ya gan shi ido da ido sai an canza masa wando.

Kwamared: Ni ina tunanin wurin nan na sizin na 7 da su Jon suka kawo mataccen nan mai motsi a akwati don a gani a yarda. Cersei ko ba komai ta tsorata ta yi ƙaryar za ta taimaka. Joffrey cewa zai yi a bar masa shi, a sa masa sarƙa a ajiye a fada a dinga jefa masa fursunoni.

Maman Ilham: Wlh kamar ka gani. Ya sa masa suna ma.

Zee: To wai ba wanda zai ce ko da ya girma zai yi hankali? Mutane na canzawa fa, Jaime ma ai ya canza.

Na Damagaram: Jaime sai da aka sare masa hannu ya sha wuya a daji tare da Brienne. Shi wannan a littafin tun yana ƙarami ya farke cikin kyanwa mai ciki ya kwaso 'ya'yan ya kai wa Robert yana murna, Robert ya kai masa bugun da ya zubar masa da haƙora. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa uwarsa ba ta bari an taɓa ba.

Abba Sabongari: To mu ƙirga. Sadik wata uku, ni shekara biyu, Maman Ilham sai an haifi namiji, Ticha na ganin zai iya kai goma. Kwamared ya gudu daga tambayar.

Ticha: Ban ce zai kai ba, na ce an taɓa yi. Idan ka matsa min, duk ya rataya ne a kan waye zai riga wani tsakaninsa da Tywin. Tywin dattijo ne ya haura sittin, ko ba a kashe shi ba yana iya kwanta dama. Idan ya mutu Joffrey na da rai kuma Margaery ba ta haihu ba, to ku shirya Commodus, Cersei za ta zama waziri a aikace tana share masa jini yana ƙara zubarwa har Daenerys ta iso, kuma a wannan karon ba Tyrion a gefenta da zai dinga ce mata ta yi haƙuri kar ta ƙona gari.

Kwamared: Ban gudu ba. Shekara ɗaya da rabi, faɗuwa daga kan doki a wurin farauta, Tywin ya sa a yi makoki na kwana bakwai.

Sadik KD: Joffrey da farauta? Sai dai a ce ya zame a matakala.

Ɗan Barno: Ko a ce gubar farko ce ta dawo masa. Pycelle zai sa hannu a takarda, ai ɗan gidan Tywin ne tun zamanin Aerys.